Zauren wasan hoki na ƙanƙara a jami'a: fili ɗaya ko biyu?

Mai_Koyon_Zane:
Assalamu alaikum. Ina nazarin yadda ake tsara zauren wasan hoki na ƙanƙara wanda ƙungiyar jami'a da mutanen gari za su yi tarayya a kansa. Shin fili ɗaya zai ishi kowa idan aka raba lokaci da kyau, ko kuwa sai an gina na biyu?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam. A ganina rabon lokaci ba ya warware matsalar, domin 'yan wasan jami'a da yaran gari duk sa'o'in yamma da ƙarshen mako suke so, kuma duk ranar da aka yi karo ƙungiyar jami'a ake fifitawa. Jami'ar Penn State ta Amurka ta buɗe Pegula Ice Arena a 2013 da fili biyu a gini ɗaya: babba mai kujeru kusan 6,000 domin gasa, da ƙarami domin koyarwa da wasan jama'a. Injinan sanyaya ɗaya za su iya ɗaukar filayen biyu, saboda haka kuɗin bai kai ninki biyu ba.

Hajiya_Rabi:
Malama, ki fara yanke shawara kan girman filin. Na Arewacin Amurka tsawon mita 61 ne da faɗin 26, na ƙasa da ƙasa kuwa tsawon 60 da faɗin da kan kai 30, kuma wannan faɗin yana ƙara ƙanƙarar da za a riƙa sanyayawa kullum. Sannan ki ware wa yara ƙofa da ɗakunan canza kaya nasu, kada su riƙa cuɗanya da 'yan kallo ranar gasa.

Injiniya_B:
Hajiya ta yi gaskiya. Zan ƙara da ɗakin injina, wanda aka fi mantawa da shi. Ƙanƙarar ba ta wuce kaurin santimita 3 zuwa 4 ba, tana kan daɓen kankare mai bututun ruwan sanyi, a ƙarƙashinsa kuma akwai bututun ɗumi da ke hana ƙasa daskarewa ta ɗaga daɓen. Idan amoniya, wato iskar gas mai guba da injinan sanyaya ke aiki da ita, za a yi amfani da ita, ɗakin ya kasance nesa da inda yara ke bi, da na'urar gano yoyo da hanyar fitar iska, domin yoyon amoniya ya kashe mutum uku a zauren Fernie na Kanada a 2017. Zafin da injinan ke fitarwa kuma kada a bar shi ya tafi a banza, a ɗuma kujerun 'yan kallo da shi.