Tsaurin Sandar Fatsa: Neman Kalmar Hausa Ga "Power"

'Yan'uwa masu sha'awar harshe, ina so mu tsaya a kan wata kalma da ake rubutawa a jikin sandar fatsa ta zamani, irin wadda ake ɗaura wa na'urar naɗe zare a ƙarƙashinta, a jefa koton roba ko na ƙarfe a riƙa janyowa har kifi ya kai masa cafka. Masu ƙera waɗannan sanduna a Amurka da Japan suna kasa su bisa abin da suke kira "power" da Ingilishi, kuma duk wanda ya tashi fassarawa, abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne "ƙarfi". Ina ganin wannan fassarar tana ɓatar da mai saye, kuma ina da wadda nake ganin ta fi dacewa.

Abin da kalmar take aunawa shi ne yawan jan da sanda take buƙata kafin ta lanƙwashe. Ba ta magana a kan nauyin da zai karya ta, alhali idan Bahaushe ya ji an ce sanda tana da ƙarfi, abin da zai fahimta shi ne ba ta karyewa da sauƙi. Sanda siririya ta kama ƙananan kifi tana iya zama mai ƙarko ta shekara goma a hannun mai ita, amma a ma'aunin masu ƙira tana can ƙasa, domin ɗan ƙaramin kifi ma yana tanƙwara ta. "Nauyi" ma ba ta yi ba, ko da yake sunayen matakan a Ingilishi, irin su "light" da "heavy", daga nauyi aka aro su, domin sandar girafait, wato wadda aka ƙera da zaren kabon, tana iya fin ta zaren gilashi rashin nauyi a hannu, kuma ta fi ta ƙin lanƙwasa.

Na daɗe ina juya "tauri" da "tsauri". Tauri na nama ne da ya gagari haƙori, da na 'yan tauri da wuƙa ba ta cin jikinsu, wato abin da ba ya yankuwa ko huduwa. Tsauri kuwa shi maharbi yake nufi idan ya ɗauki baka ya ja tsarkiya ya ji itacen yana gardama, kuma wannan gardamar ita ce ainihin abin da ake aunawa a sandar fatsa. Saboda haka shawarata ita ce mu ce "tsaurin sanda". Matakan sai su zama mai taushi ƙwarai, mai taushi, matsakaiciya, mai tsauri, da mai tsauri ƙwarai, sannan na tsakani a ce matsakaiciya mai ɗan taushi ko matsakaiciya mai ɗan tsauri.

Kalmar tana aiki idan aka gwada ta a bakin ruwa. A jikin sanda matsakaiciya sau da yawa za a ga an rubuta zare mai jure jan nauyin fam 6 zuwa 12, wato kimanin kilo 2.7 zuwa 5.4, da koto na rubu'in oza zuwa rubu'i uku, kusan giram 7 zuwa 21. Wanda ya ɗaura koton giram 2 a sanda mai tsauri ba zai iya jefa shi nesa ba, domin koton bai kai ya tanƙwara sandar ta harba shi ba, kamar yadda yaro ba zai iya ɗana bakan babban maharbi ba. Wanda kuma ya haɗa sanda mai tsauri da siririn zare, zaren ne zai tsinke da zarar kifi ya fizga, tun da sandar ba ta sassauta masa ba.

A gaɓar teku ta jihohin Fulorida da Luwiziyana a Amurka, inda ake kamu a ruwan gishiri marar zurfi, kifayen da suke fakewa cikin saiwoyin itatuwan bakin teku suna buƙatar matsakaiciya mai ɗan tsauri, don a janye su kafin su nannaɗe zaren a saiwa, amma kifi mai laushin baki ana sassauta masa da sanda mai ɗan taushi don kada ƙugiya ta yaga bakin ta fita. Haka lissafin yake a ruwan daɗi: sandar da za ta ishi mai neman karfasa a Tiga ba ita za a tunkari giwan ruwa da ita a Kainji ba, kifin da zai iya haura kilo 100. Ya kamata a sani kuma cewa kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya, har matsakaiciyar da aka ƙera don ruwan gishiri takan fi ta ruwan daɗi tsauri.

Akwai kalma ta biyu da ake yawan cakuɗawa da ta farko, wato "action", wadda take nufin wurin da sanda take lanƙwashewa, ko can kusa da tsininta, ko daga tsakiya, ko har kusa da mariƙi. Ga wannan ina ba da shawarar "malanƙwasa", bisa tsarin da ya ba mu mashaya da mahaɗa, sai a ce sanda mai malanƙwasar tsini ko mai malanƙwasar tsakiya. Sanduna biyu suna iya zama da tsauri ɗaya amma malanƙwasarsu ta bambanta.

Ina roƙon masuntan Yawuri da Argungu da na bakin Tafkin Chadi, musamman dattawan da suka yi fatsa da sandar gora, su faɗa mana yadda suke kiran gorar da ba ta tanƙwaruwa da wuri, domin idan suna da tasu kalmar, ita zan ɗauka in ajiye tawa.