Bes ɗin tsaye yana ruri a situdiyona, wane makirufo zan nema?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a agaza min, ina cikin matsi. Ina da ƙaramin situdiyo a Mabera, aikina bege ne da waƙoƙin biki da tallan rediyo, kiɗan duk daga kibod da kwamfuta yake fitowa, murya kaɗai nake ɗauka. To wani yaro ɗan bautar ƙasa da ke koyarwa a wata sakandare nan Sakkwato ya kawo min bes irin na tsaye, ƙaton nan na katako mai tsirkiya 4 da ake kafawa a ƙasa. Ta hannun maigidana da ya koya min aiki ya zo, shi ya ce masa in dai wurina ne ya kwantar da hankalinsa, kun ga ke nan ba sunana kaɗai ke ciki ba. Yaron ya biya rabi, kuɗin har sun tafi a mai da hayar shago, kuma ya kusa gama hidima ya koma garinsu. Mun ɗauka, abin da ya fito ruri ne zalla, wani sautin ya cika lasifika, wani ya ɓace sam. Amma a kunne, yana kaɗawa a gabana, abin gwanin daɗi. Ina da makirufo biyu, AT2020 (irin kondensa) da SM57, sai Scarlett 2i2, akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta. Wane makirufo zan saya ko in aro?

Baban Khairat: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi inda ka kafa makirufon ba, ba ka faɗi girman ɗakin ba. Kuma da yatsa yake fizga ko da baka yake gogawa irin na goge?

Ɗan Mabera: Da yatsa. A ɗakin murya muka yi, makirufon kuma dab da hudar nan ta gaba mai siffar f, tunda nan sautin ke fita.

Injiniya: Ƙanena, kada ka sayi komai. Matsalarka ka faɗe ta da bakinka. Hudar nan iskar cikin akwatin take hurowa, ƙasan sauti ne ya fi yawa a wurin. Ga shi AT2020 daga gaba yake ɗauka, irin waɗannan kuwa duk yadda ka matso da su haka suke ƙara kauri. Ka haɗa kauri biyu, dole ya yi ruri. Ja da baya kamar santimita 30 zuwa 45, ka ɗaga shi daidai jakin da tsirkiyoyin ke hawa ko sama kaɗan, ka kauce wa bakin hudar, ka karkata ta ɓangaren siririyar tsirkiya. Nan za ka sami jikin katakon da ƙarar yatsa tare. Kafin ka kafa sanda, toshe kunne ɗaya, ka durƙusa kana zagaya gaban bes ɗin yana kaɗawa, inda ya fi daɗi nan ne wurin. Kuma ku fita daga ɗakin murya. Tsirkiya mafi kauri, E, tana kan 41 Hz, wato girgiza 41 a daƙiƙa, tsawon zangon sautinta ya haura mita 8. A ɗan ƙuƙumin ɗaki sai ya dinga karo da bango yana dawowa, shi ya sa wani sautin ke kumbura wani ke mutuwa. Soson da ka manna a bango bai san da wannan ba, sama-sama yake sha.

Ɗan Mabera: Ranka ya daɗe na gode, amma ɗakin murya ne kaɗai ba ya jin janareta. Falon yana kallon titi, ga babura, ga mai walda a maƙwabta. Ɗakin kuma na kashe masa kuɗi, duk mawaƙan da ke zuwa suna yaba shi.

Na Gawon Nama: Wallahi wanga batu na janareta shi ad damuwarmu duka. Ni jiya mawaƙi na tsakiyar baiti anka ɗauke wuta, kahin in tada inji muryar ta sauka, yaƙ ƙi biyan cikon kuɗi. Ga zahin ga, ka kashe hwanka mutum ya jiƙe da zuhwa, ka kunna ta shiga rikodin. Mi za mu yi?

Baban Khairat: Ni dai ban yarda da ja da baya ba a irin yanayinsa. Yana ja baya titi zai shigo. Ka naɗe jikin SM57 ɗinka da soso ko ƙaramin tawul, ka bar kansa a buɗe, ka cusa shi a hankali tsakanin ƙafafun jakin yana kallon sama. Tsohuwar dabarar masu kiɗan dandali ce. Ko mai kiɗan ya motsa makirufon na biye da shi.

Injiniya: Wannan ta dandali ce, inda ganga ke gefe tana cinye komai. A situdiyo toshe katakon za ta yi, sautin ya fito ta hanci. SM57 a takarda ya sauka 40 Hz, amma ya fara rage ƙasa tun kafin nan. Ɗan Mabera, tambaya ɗaya: kana yanke ƙasan sauti a kwamfuta?

Ɗan Mabera: E, a 100 Hz nake yankewa kullum, saboda gurnanin wuta. Haka maigidana ya koya min kuma bai taɓa ba ni matsala ba.

Injiniya: A murya ba zai ba ka matsala ba. Amma lissafa: E 41, A 55, D 73, G 98. Duk tsirkiyoyin 4 in an kaɗa su a sake, tushensu yana ƙasa da 100. Kana yanke tushen kiɗan da kanka, ka bar abin da ɗakin ya kumbura a samansa. Sauke shi zuwa 30 ko 35. Gurnanin wutarmu 50 Hz ne, yana zaune tsakanin E da A, don haka ba a kwamfuta za ka kashe shi ba, a wayoyin haɗa kayanka ne. Duba wayoyinka da layin ƙasa, ko ka cire cajar laftof ka ɗauka da batiri, 2i2 daga USB take cin wuta har da 48V ɗin da kondensa ke buƙata. Shekarun da na yi a aikin nan, yawancin masu kukan makirufo ba makirufo ne ciwonsu ba.

Maman Sultan: Ni abin da ke ci min rai a harkar nan jabun kaya ne. Ƙanena ya yo odar SM57 daga Legas, kwali da tambari komai daidai, ashe na bogi ne, mai shagon kuma ya daina ɗaga waya. Ku da ke cewa a saya ko a ara, ku dinga gwadawa kafin ku ba da kuɗi.

Baban Khairat: To ya sa duka biyun mana, tunda 2i2 ɗinsa na da kafar makirufo biyu. Kondensa a ƙasa, SM57 wajen wuyan inda yatsu ke aiki.

Injiniya: Wanda bai daidaita ɗaya ba kada a ɗora masa biyu. In nisansu da bes ɗin ya bambanta, sautin zai iso musu a lokaci daban, ka haɗa su ƙasan ya zube. Sai ka koma juya sautin ɗaya kana daidaita su a kwamfuta. Ɗaya ya isa, a falo, bayan tsakar dare, da darduma ƙarƙashin ƙarfen da bes ɗin ke tsaye a kai.

Ɗan Mabera: Yallaɓai yaron ba zai iya fitowa da tsakar dare ba, wurinsa da nisa kuma a Keke Napep yake ɗauko abin. Ni har yanzu ina ganin da na sami makirufo mai tsada a ɗakin murya zai fito. Na ji ana cewa RE20 ba ya ƙara kauri ko an matso da shi. Akwai mai shi a Sakkwato, ko Birnin Kebbi ma, ya ba ni haya na kwana ɗaya?

Injiniya: Gaskiya ne yana rage ƙarin kaurin, amma bangon ɗakinka fa? Ka gwada abin da na faɗa ka turo mu ji.

Na Gawon Nama: Ni kam in an samu mai RE20 ɗin a sa ni layi, ina da aikin tallar rediyo ranar Assabar.

Ɗan Mabera: Yaron ya kira yanzu, wai gobe bayan la'asar kaɗai yake da sarari, lokacin kuwa mai walda na kan aiki. Don Allah mai RE20 ya yi min magana.