Shawarwarin masu gyaran bishiyoyi a taƙaice

A wata hira da masu gyaran bishiyoyi suka yi, an fi daɗewa kan sauke reshe mai nauyi. Tsofaffin hannu sun ce yanka uku ake yi: a ɗan tsaga shi ta ƙasa, a matsa gaba kaɗan a datse ta sama, sannan a cire guntun da ya rage ba tare da an ci wuyan reshen ba, wato kumburin da ke inda reshe ya haɗu da jikin bishiya. Mai gaggawar sara ɗaya, reshen zai ɗaye ɓawo ya bar ciwon da zai daɗe bai rufe ba.

Injin yanka mai sarƙa kuwa, a kiyayi tsininsa ta sama: yana taɓa itace sai ya zabura ya yo fuska. A riƙe shi hannu biyu. In sarƙa ta fara zubo gari maimakon ɓarɓashi, ta dakushe.

Igiya a bi ta da yatsu kafin hawa don a ji ko ta lalace, kuma kar a hau babu kowa a ƙasa. In wayar lantarki na kusa, a kira masu wuta.

Abin da na ga ya fi ƙona musu rai shi ne mai gidan da zai dage a gundule kan bishiya, alhali tohon da ke biyo baya ba shi da ƙarfi, iska kaɗan ta karya shi.