Rainon Pothos a Cikin Ɗaki

Abin da masu rainon pothos, wata shuka mai yaɗo da ake ajiyewa a tukunya don ado, suka fi nanatawa shi ne ruwa: yawansa ke ruɓar da saiwar. Tura yatsa cikin ƙasar tukunyar, in ka ji danshi, ƙyale ta tukuna. Ganye ya fara yin rawaya? Yawanci ruwa ne ya yi yawa. Lallai a huda gindin tukunyar.

Zafin rana na ƙona ganyen, gefen taga mai labule ya wadatar. Da hunturu a riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma.

Don samun sabuwa, yanki reshe daga ƙasan gaɓa, tsoma a kwalbar ruwa har ya fid da saiwa. Ni dai roƙona, a rataye ta nesa da yara da kyanwa, domin tauna ganyenta na kumbura baki.