Manchester ta raya talaka ne ko cinye shi ta yi?

Auwalu: Salamu alaikum. Jiya a majalisa na faɗi wata magana aka yi mini caa, shi ne na ce bari in kawo ta inda akwai malaman tarihi. Cewa na yi kukan da ake yi wai biranen masana'antu na Ingila sun cinye talakawa, an zuba masa gishiri. Manchester a 1801 mutanenta kimanin 70,000 ne, zuwa 1851 sun haura 300,000. Wa ya ɗauro su? Da ƙafarsu suka zo. Ba wanda zai bar inuwa ya koma rana.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ƙirga masu shiga, ba ka ƙirga waɗanda ake fitarwa a makara ba. A rahoton tsaftar muhalli da jami'in gwamnati Edwin Chadwick ya fitar a 1842, matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburorin Manchester 17 ne. A Rutland, yankin manoma, 38. Abin da ya fi ɗaure mini kai, masu hali na Manchester su ma 38 ɗin ne. Wato attajirin birni da ɗan ƙodagon ƙauye kunnen doki suka yi.

Malam Isa: Malama, a yi hattara da 17 ɗin nan. Ba ana nufin lebura na faɗuwa matacce yana saurayi ba. An haɗa lissafin da jarirai, su suka ja shi ƙasa.

Malama Hadiza: Allah ya gafarta malam, ai ƙara mini hujja ka yi. Jariran ba 'ya'yan mutane ba ne?

Nura: Ni fa da na ga Manchester na ɗauka maganar ƙwallo ake. Ku ci gaba, ina gefe.

Auwalu: Yaya Hadiza, ban musa an mutu ba. Amma ladan masaƙa ya fi na gona, kuma duk mako yake zuwa, ba ruwansa da damina ko rani. Ƙidayar 1851 ta nuna fiye da rabin mutanen Ingila da Wales a birane suke. Duk wawaye ne?

Baba Garba: Yaro, ni na yi aikin masaƙa a Kakuri shekara da shekaru, bari in sa baki. Wannan "da ƙafarsu suka zo" da kake ta nanatawa, ai yunwa ma da ƙafa take kora mutum. Ka tambayi malaman nan labarin mutanen Ailan. Cuta ta kama dankalinsu daga 1845, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu da yawa suka yi ta tsallakowa Liverpool da Manchester. Ga kuma masu saƙar hannu da inji ya karya wa kasuwa. Wanda gobara ta koro ba ya zaɓen ɗakin kwana.

Malam Isa: Baba ya yi gaskiya, amma ni ina ganin ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Ku duba yadda garin ya cika. Da farko injin kaɗi da ƙarfin ruwa yake juyawa, dole a kafa shi a bakin rafi, sau da yawa can bayan gari. Da injin tururi ya samu, abin da ake nema gawayin kwal ne kawai. Mashigin ruwa na Bridgewater, wanda aka haƙa don jiragen dako aka buɗe a 1761, ya riga ya karya farashin kwal a Manchester, a 1830 kuma jirgin ƙasa ya haɗa ta da tashar jiragen ruwa ta Liverpool. Sai masaƙu suka yi cincirindo wuri ɗaya, irin unguwar Ancoats. Ma'aikaci ba shi da abin hawa, ƙararrawa kuma tun duku-duku take bugawa, dole ya kwana kusa da ƙofar masaƙa. Nan 'yan gini suka samu kasuwa: gidaje baya da baya, bango ɗaya, iska ba ta ratsawa, wasu iyalan ma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Masai ɗaya gidaje da yawa ke layi a kansa, ƙazanta na gangarawa kogunan Irk da Medlock. To wa zai tsawata? Garin nan bai samu wakili a majalisar dokoki ba sai 1832, shekarar da kwalara ta shigo shi. Majalisar gari kuwa sai 1838. Birni ya yi girman giwa, ana tafiyar da shi da tsarin ƙauye.

Auwalu: Madalla! Kun dawo kan maganata. Ashe ba masana'anta ce ta kashe su ba, ruwa ne da masai.

Malama Hadiza: Kada ka yi saurin tafi. Wa ya tara mutanen, ya kwashi riba, sannan ya kwashe iyalinsa ya koma bayan gari inda hayaƙi ba ya kaiwa? Kuma a cikin masaƙar ma, sai da aka yi doka a 1819, aka ƙarfafa ta a 1833, kafin a hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba. Ka tsaya ka auna wannan. Sai da doka. Hana sabon ginin baya da baya a Manchester, 1844, doka. Dokar lafiyar jama'a, 1848. Ruwan sha da aka janyo daga tafkunan Longdendale tun daga 1851, majalisar gari ce ta yi. Nuna mini guda ɗaya da kasuwa ta gyara don kanta.

Auwalu: Da kuɗin wa majalisar ta yi? Ba harajin dukiyar da masaƙun suka tara ba?

Malam Isa: Nan kam ka ci maki ɗaya. Sai dai tsakanin tara dukiyar da janyo ruwan, an binne zuriya guda, ko biyu.

Baba Garba: Kuma ku tambayi inda audugar take fitowa. Bayi ne ke nomanta a kudancin Amurka. Da yaƙin basasarsu ya tashi a 1861 auduga ta yanke, masaƙun Lancashire, yankin da Manchester take, suka tsaya, ma'aikata suka koma karɓar sadaka. Tsoron maimaita wannan na cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchester a 1902, idonsu kuma har kan ƙasarmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ana sa ran auduga, manomanmu suka duba farashi suka cika shi da gyaɗa.

Nura: Bakano kenan.

Auwalu: Na janye "inuwa", na yarda ba inuwa ba ce. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: in birnin ya yi muni haka, me ya hana su komawa?

Malama Hadiza: Su koma ina? Filayen kiwo na gama-gari da yawa an riga an killace su da dokokin majalisa, 'ya'yansu kuma a lungun masaƙa aka haife su, ba su san riƙon fartanya ba.

Baba Garba: Auwalu, ranar da aka rufe tamu masaƙar na shirya kaya zan koma gida. Na je na tarar gonar ta shiga rabon gado tun ina aikin dare. Kwana tara na yi na dawo Kaduna, ga ni nan har yau.