Wace kalma za mu ba "reionization" da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka da shawara. Labarin tsofaffin galaksi (manyan tarin taurari masu ɗimbin yawa) da na'urar hangen nesa ta James Webb ke hangowa ba ya tafiya sai an ambaci reionization. Rubuta "riyonizeshan" ba zai fisshe mu ba, mai karatu ba zai gane komai ba.

2/ Ga abin da kalmar ke nufi. Bayan Babbar Fashewa, wadda daga ita sararin samaniya ya faro, zafi ya hana ilektiron zama tare da firoton (ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su yi atam), kowanne yana yawo shi kaɗai. Da aka yi kusan shekara 380,000 sararin samaniya ya huce, kowane firoton ya kama ilektiron ɗinsa, aka samu iskar haidurojin. Daga baya taurarin farko suka kunnu. Haskensu na ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, ya riƙa cire ilektiron daga haidurojin ɗin da ke kewaye da su. Kowace galaksi ta share filin da ke gefenta, filayen suka yi ta faɗaɗa har suka haɗe, aka kammala wajen shekara biliyan ɗaya bayan Fashewar. Rabuwa ce karo na biyu, don haka dole "sake" ta fito a sunan.

3/ Wa ya yi aikin? An daɗe ana ja tsakanin masu cewa kwasar ne, wato manyan baƙaƙen ramuka masu haskaka abin da suke haɗiya, da masu cewa ƙananan galaksi ne. A Fabrairun 2024 ayarin Hakim Atek ya buga bincike a mujallar Nature kan wasu galaksi takwas masu dushi-dushi, waɗanda aka gano saboda nauyin gungun galaksi mai suna Abell 2744 ya lanƙwasa haskensu ya ƙara girmansa. Ashe hasken da suke fitarwa mai cire ilektiron ya ninka abin da aka zata sau huɗu. Ƙanana ne, amma sun fi manyan yawa nesa ba kusa ba.

4/ Wani ɗan'uwa ya kawo "yayewar hazo". Malam, tana da daɗin faɗi, kuma duk wanda ya san hunturu a Kano ko Damagaram zai hango abin nan take. Sai dai hazon namu yana tare duk abin da ido ke gani, shi kuwa haidurojin, ultrabayolet yake shanyewa, hasken da muke gani yana ratsa shi. A labarin rediyo za ta yi. A littafin aji za ta sa ɗalibi ya ɗauka duhun da aka yi kafin taurarin farko su kunnu daga iskar yake, alhali rashin taurari ne.

5/ "Sake caji" kuwa ban yarda da ita ba sam. Mai waya ya san caji ƙari ne, a nan kuma cirewa ake yi, kuma idan aka haɗa lissafi ba abin da ya ƙaru.

6/ Wata malamar kimiyya ta ce "fizgewa". Hajiya, kin kusa. Ni na fi karkata ga "tsigewa", don tsiga ɗaya bayan ɗaya ake yi, kamar furfura, kuma haka abin yake: ƙwayar haske ɗaya, ilektiron ɗaya, matuƙar ƙarfinta ya kai ilektiron-bolt 13.6 (ma'aunin ƙarfi ne). Na san wasu za su tuna da majalisa da kakakinta, amma da zarar an ce ilektiron an rabu da siyasa.

7/ Shawarata: aikin "sake tsige ilektiron", lokacin kuma "zamanin sake tsigewa". Galaksi dai a bar ta galaksi tukuna. "Gungun taurari" ya fi dacewa da irin su Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ke cikin galaksinmu. Mai wata kalmar ya kawo, musamman 'yan'uwa na Nijar da suka karanta wannan fannin da Faransanci.