Scarcity: yadda muka sha ta lokacin canjin kuɗi

Malama Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibaina na sakandare duk sun haɗa scarcity da shortage da lack wuri ɗaya, ko wanne ka tambaye su sai su ce rashi ne. Na ce musu lack ne rashi, ita kuwa scarcity abu yana nan amma ya yi wuyar samu, amma na ga bai zauna musu ba. Ina so in kafa musu misali da farkon 2023, don Allah kowa ya faɗi yadda ta kasance masa.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Malama. Ai a jikinmu muka koyi kalmar nan, tunda aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kowa ya kwashi tsofaffin kuɗinsa ya kai banki, sababbin kuma babu su. Albashina yana cikin asusu ina kallonsa a waya amma kuɗin cefane ya gagara, sai in yi asuba in wuce layin ATM a rubuta min lamba a bayan hannu da biro, rana ta take a ce kuɗi sun ƙare. Kin ga ba rashi ba ne, ina da kuɗi, tsabarsu ce ta yi wuya. Shi ya sa jaridu suke rubuta cash scarcity.

Mai POS:
Gaskiya ne yallaɓai. Mutane sun ga laifinmu kan caji, amma mu ma sayen kuɗin muke yi wajen 'yan kasuwa da gidajen mai, naira da naira ake saye wallahi. Ga layin fetur a lokaci ɗaya, shi ma fuel scarcity ake ce masa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni abin da ya fi tsaya min a rai matan karkara ne. Wata dattijuwa mai nono ta zauna ƙofar shagona da ƙwaryarta har la'asar ba ciniki, kowa ya zo sai ya ce zai yi taransifa, ita ko asusu ba ta da shi balle waya. Na ce Inna kawo, na juye nonon na auna mata gero da sabulu ɗaya a madadinsa. Mun koma musaya kamar zamanin kakanni. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, a ƙarar da Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, shi ma ba nan take aka samu sauƙi ba.

Malam Na Bayan Gari:
Malama ki ƙara musu da shortage, ita tana nufin abin bai kai yadda ake buƙata ba, kamar makarantar da take son malamai goma amma shida gare ta, shortage of teachers kenan. Kuma ki ja hankalinsu, in lack ta zo a matsayin aiki ba a sa mata of, they lack water ake cewa, in suna ce kuma lack of water. Siffar scarcity ita ce scarce, cash was scarce.

Malama Maman Ummi:
Allah ya saka da alheri. Hajiya in kin amince zan karanta musu labarin mai nonon nan ranar Litinin, sai in sa su rubuta shi da Turanci su yi amfani da kalmomin uku.